Direban Da Ya Ajiye Makulli Da Kansa

Da an sallame sallar asuba a Kabo, Malam Haladu ba ya komawa shimfiɗa. Bokiti yake ɗauka da tsumma ya nufi farar bas ɗinsa. Zai duba mai da ruwa, ya zagaya tayoyin nan huɗu yana taɓa kowacce da ƙafa, ya taka birki sau uku motar tana tsaye, sannan ya zauna ya sha kokonsa. Daga nan sai tashar Gwarzo, ya yi lodi, ya biyo ta Kabo ya kwashi na hanya, ya miƙa Kano. Sawu biyu yake yi a rana, ba ya ƙara na uku ko da jajiberin salla ne. Haka ya yi shekara talatin da huɗu, har zuwa watan jiya da ya ajiye tuƙi.

In faɗi gaskiya, ban fara da son sa ba. Ni ɗan Madadi ne, aiki ya kai ni birni, kuma kowace Litinin a makare nake fitowa daga gida. In na iso tasha na tarar layin Haladu ne, sai raina ya ɓaci, don na san yau ma sai an harare ni a ofis. Mu fasinja ne muka laƙaba masa Hawainiya. Duk motar da ta taso a bayanmu sai ta wuce mu kafin Rimin Gado, direban har da ɗago masa hannu na tsiya. In muka dame shi da mita sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, ni kuma daga baya in ƙarasa masa: sai dai a daɗe ba a je ba. Dariya kawai yake yi, ƙafarsa ba ta ƙara ko kaɗan.

Abin da ya fara sayo ni hirarsa ce. Motarsa ba rediyo, ba kuma wanda ya taɓa jin rashinsa. Kafin a kai Janguza ka ji akuyar wa ta shiga gonar wa, da wanda ya sayi waya mai tsada ya kasa kunna ta, da yadda wani zakara ya taɓa kwancewa a ƙarƙashin kujera ya yi cara daidai lokacin da jami'in hanya ya leƙo kansa. Birni kuwa yana da ra'ayinsa a kai. A cewarsa mutanen Kano kowa sauri yake yi, amma in ka je Kabuga duk a tsaye za ka same su. Ɗan sahu kuma, wai kada ka ga laifinsa don bai nuna inda zai juya ba, shi ma bai sani ba sai ya juya. Da na sayi tawa 'yar motar na shiga wannan cunkoso da kaina, na kama kaina ina danna hon ga wanda danja ta tsayar, sai na tuna shi na ji kunya. Ban daina shiga motarsa ba in zan je gida, don hanyar ta fi daɗi in wani ke jan ka.

Ba hira kaɗai ba ce. Gwaggona Asiya ta ba ni labarin ranar da ta fara zuwa asibiti a birni ita kaɗai. Ta sauka ta ga titi biyu, motoci ba sa yankewa, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Haladu ya gyara fakin, ya bar fasinja suna ƙorafi, ya tsallakar da ita, ya nemo ɗan sahun da ya sani, ya gaya masa ƙofar da zai ajiye ta. Ta zaci don ya san mahaifinmu ne. Daga baya ta gane haka yake yi wa kowane tsoho. 'Yan kamasho kuma sun shaida cewa wani ƙullin daddawa da aka ba shi saƙo, takardar sunan ta faɗi, kwana uku yana yawo da shi yana tambaya, motar duk ta ɗauki wari, har sai da ya kai shi hannun mai shi a Rijiyar Zaki.

Malam Haladu, kai ne ba ka taɓa ɗora mutum na uku a gaba ba, ko da ɗan kamasho zai yi fushi. Kai ne iyaye ke cewa in ba motarka ba ce yarinya ta jira gobe. Haladu na Kabo, mai isa da kowa gida. Mun yi maka tsiya shekara da shekaru, kai kuma kana kai mu lafiya.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata Litinin ce, kuma ina cikin motar, a kujerar bayan direba.

Akwai wata dattijuwa, Inna Furera, daga rugagen wajen Durun, mai kai man shanu birni duk Litinin. Ita ba ta tsayar da mota da hannu, a wurinta wannan rashin kunya ne ga mace mai jikoki. Ƙwaryarta take ɗorawa a kan wani dutse a bakin kwalta, ta rufe da faifai, ta koma gindin bishiya ta zauna. In Haladu ya hango ƙwarya a kan dutse ya tsaya, in babu ya wuce. Shekara goma sha biyu suna haka, yana bar mata kujerar bakin ƙofa, ba su taɓa saɓawa ba.

Ran nan rana ta fito sarai, hanya ba kowa, sai muka wuce dutsen bai rage gudu ba. Na ga ƙwaryar, na ga Inna Furera ta miƙe tsaye tana bin mu da ido, ba ta ɗaga hannu ba. Na zaci wani dalili ne, sai da muka yi nisa na tambaye shi ko yau ba da Inna za a tafi ba. Ya ce ai ba ta fito ba. Na ce ga ƙwaryarta can mun baro a kan dutse, wata mata a baya ta ce ita ma ta gani. Ya sauka gefen hanya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya daɗe, sannan ya juya.

Da muka koma ya fita da kansa ya ɗauko ƙwaryar, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri. Ita kuwa cewa ta yi ba komai, ta ɗauka motar ce ta cika. Ta shiga mota muka miƙa Kano. Sai a lokacin na tuna wata biyu ke nan yana faɗa da masu wankin mota wai ba sa goge gilashi da kyau, yana tafe yana murza shi da tsumma. Ashe gilashin ba shi da laifi.

Washegari ya je asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye ganin gefe, magani zai iya tsare abin da ya rage amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Lasin ɗinsa da sauran shekara biyu. Ba wanda ya sani sai shi da likita, ba kuma wanda zai tare shi a hanya ya gwada idonsa. Ga shi bai san wata sana'a ba, ga 'yarsa Mansura tana tsakiyar karatun jinya. Da ya faɗa a tasha, abokansa suka taru a kansa, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Suka ce hanyar nan ko ido rufe zai bi ta, ya san kowane rami da sunansa, ya rage zuwa sawu ɗaya, ya lallaɓa har yarinyar ta gama. Dalhatu, wanda yanzu yake jan motar, shi ya gaya mini amsar da ya ba su.

"Ramin hanya ba ya motsi, shi ya sa na san shi," in ji Malam Haladu. "Ƙwarya ce a kan dutse, ina neman ta da idona, ban gan ta ba. To ɗan wani fa, in ya fito da gudu?"

Ya zaro makullin ya miƙa wa Dalhatu, ya nemi kujera a wata motar ya koma Kabo a matsayin fasinja.

Na je gaishe shi makon jiya. Na same shi a ƙofar gida yana ba tumaki biyu dusa, kiwon da ya fara ke nan, yana cewa sun fi fasinja sauƙin kai don ba sa tambayar yaushe za a isa. Na tambaye shi ko yana kewar hanya. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, yana ji ƙwarai, in motar ta wuce ta bakin titi yana gane kukanta a cikin goma. Na taso daga wurinsa zuciyata a cike, ban tsaya ko'ina ba sai wurin gwajin ido. Yanzu da tabarau nake tuƙi.

Mu masu riƙe sitiyari, na haya da na gida, mu duba wannan bawan Allah. Kowa ya iya shiga mota ya tayar, amma ba kowa ke sauka da kansa ba tun ba a sauke shi ba. Wanda ya ji idonsa ko hannunsa ya fara yi masa gardama, ya je a duba shi, kada ya jira hanya ta gaya masa.

Malam Haladu, mun gode. Ni da na fi kowa yi maka mita, na fi kowa godiya. Ka bar abincinka saboda yaron da ba ka san shi ba, wanda iyayensa ba za su taɓa sanin sun ci bashin alherinka ba. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba, ya sa albarka a tumakin nan, ya tsare maka sauran ganin da ya rage, ka ga Mansura cikin farin kayanta na aiki da idonka.