Rufin Ɗakin Littattafan Mahaifina

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai ya shigo kuma soja ke mulki, ina babban jami'i a ma'aikatar ayyuka a nan Sakkwato. A lokacin ne aka fara kawo mana wani katako daga Turai, wanda ake jera siraran alluna, a manne su da gam, a matse har su zama gungume guda. Takardar da ta zo da shi ta ce yana ɗaukar nauyin da azara ba ta ɗauka. Ni kuwa a wancan zamani, abin da takarda ta faɗa ba ni da ja a kansa.

Na sayi shida domin in sake rufin ɗakin marigayi mahaifina, a gidanmu na kusa da Hubbare, inda ake ajiye littattafan da ya rubuta da hannunsa. Kafintan da na ɗauko, wani dattijo Kirista ɗan kudancin Zariya, ya duba ginin ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba a binne kansa cikin bangon ƙasa kamar azara. Laima za ta kwance gam ɗin, gara ta biyo baya."

Na tambaye shi a gaban leburori a wace makaranta ya karanci aikin injiniya. Ya yi yadda na umarta, muka ɗora ƙasa a sama kamar yadda aka saba.

Da aka gama, mahaifiyata ta roƙe ni in bar littattafan a ɗakinta, inda aka kwashe su lokacin aiki, ta ce ba su tsare mata komi ba. Na ce a unguwar kaf babu ɗakin da ya kai wancan aminci, na mayar da su da kaina.

A damina ta huɗu, bayan ruwan kwana biyu, rufin ya rufta da hantsi. Kafin mu tono gafakokin littattafan daga cikin taɓo, tawada ta narke, takardu sun manne. Mahaifiyata ta daɗe tana juya ɗaya a hannunta, sannan ta ce, "Yau malam ya rasu." Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah.

Na yi ritaya da lambar yabo, amma duk sanda hadari ya haɗu nakan tuna ranar. Jikokina kan tambaye ni yadda rubutun kakana yake, in gyara musu in ce na mahaifina ne, kuma babu mai kyawunsa a unguwar. Suna yarda, domin ba su da wata shaida sai maganata, kuma maganata ce ta rusa ɗakin.