Ruwan da Yaya Ya Jiyo

Shekarar da bijimi ya hauri Baba a gwiwa a kasuwar shanu, Yaya ne ya riƙa kai shi asibiti a Azare, don shi ne babba, kuma a faɗarsa shi ne mai jin yaren likitoci. An yi aiki, ƙashi ya haɗu, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Baba bai taɓa tambayar yaushe zai koma kasuwa ba. Tambayarsa ɗaya ce, yaushe zai kai goshinsa ƙasa.

Ranar da suka dawo daga wajen likitan gashin ƙashi, Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mashin, ya ce, "Likita ya ce ruwa. Ruwa kawai yake buƙata."

Na ce, "Yaya, wane irin ruwa?"

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke, ruwa kala nawa ne a asibiti?"

A gidanmu kuwa ƙanwa ba ta tambaya sau biyu. Ya ɗauko wani abokinsa mai kemis, suka buga ƙusa a bangon ɗakin Baba suka rataya leda. Duk bayan 'yan kwanaki sai an huda tsoho an yi masa ƙarin ruwa. Wata biyu cur yana kwance, ƙafa a miƙe kamar taɓarya, shi kuwa gogan yana zaune a zaure yana yi wa 'yan dubiya bayanin jijiyoyi. Wallahi har yau in na tuna yadda yake gyara hula yana cewa "muna bin umarnin likita", sai in ji raina ya ɓaci.

Ranar komawa na nace na bi su. Likitan ya taɓa gwiwar, ya ga hannun Baba duk tabon allura. Sannan ya ce, "Alhaji, ai cewa na yi a riƙa shigar da ku cikin ruwa. Ku tsaya ruwa iya ƙugu, ku yi ta takawa a hankali. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, gwiwa ta saki ba tare da azaba ba. Har na ce tunda kuna da dangi a Katagum, ga kogi nan."

Ko kunya Yaya bai ji ba. Cewa ya yi, "To ai likita, ruwa duk ruwa ne."

Muka kai Baba Katagum. Kullum da hantsi ƙannensa biyu su riƙe shi, ya yi ta takawa a gefen kogi inda yashi yake. Gwiwar ta ɗan saki, har ya ajiye sanda. Iyakarta ke nan. Lokacin da za ta lanƙwasu ya riga ya wuce yana kwance a ƙarƙashin ledar nan.

Yanzu a kan kujerar roba Baba yake salla, can ƙarshen sahu. Yaya ne ya sayo kujerar, kuma babu baƙon da zai shigo gidanmu bai gaya masa ba.