Sitaci a Hannun Rigar Rawa

Ban taɓa zaton rawar mutanen Sin za ta shigo gidana ba, mu da ko a biki kafaɗa kawai muke ɗan motsawa. Amma 'yata ta biyu, tana shekara goma sha ɗaya, ta raka ƙawarta ajin rawa na ranar Asabar a wani zaure kusa da unguwar Whalley Range, shi ke nan ta maƙale.

Malamar wata dattijuwa ce 'yar Sin, da ƙyar ta kai aljihun rigata, amma in ta tafa hannu har tattabarun kan rufi sai sun gyara tsayuwa. Duk shekara ita ke zaɓa wa ɗalibai rawar da za su yi a wasan da ake yi a birnin Birmingham, kuma ba da ka take zaɓe ba. Ƙanana ta ba su rawar mafici, don ko sun yi kuskure mafici na rufa asiri. Masu dogayen ƙafafu su samu ta tsalle. Sai rawar dogon hannu, wadda ake sa riga mai hannun siliki da ya wuce yatsu nesa, a cilla shi sama ya zubo kamar ruwa. Wannan sai wadda wuyan hannunta ya yi ƙwari.

Uwar yarinyar ta ga rigunan sauran raye-rayen, damtse a waje, ta ce ba da 'yarta ba. Saura ta dogon hannu, wadda ta fi hijabi rufe jiki. Malamar ta kama wuyan hannun yarinyar tana jujjuyawa kamar mai tayin kaza, ta ce da saura. Yarinya ta yi wata da watanni tana cilla mayafin uwarta a falo, ta fasa mana ƙwan fitila, ta kusa tsone mini ido. A ƙarshe aka ba ta, har da layin gaba.

Satin wasan aka raba musu riguna su kai gida. Lokacin mahaifiyata ta zo daga Kano ganin likita. Ta ɗaga rigar, hannayen suka zube ƙasa.

"Wannan tsumman za ta sa a gaban jama'a?"

"Hajiya, haka ake son sa," na ce.

"A gidan wa? Kai dama tun kana yaro ba ka san kaya ba."

Muna wajen aiki ta dama sitaci mai kauri, irin na shaddar ango, ta tsoma rigar, ta shanya a kan hita, ta goge, ta ninke a leda. Ba wanda ya buɗe sai a zauren wasan, a unguwar Balsall Heath ta Birmingham.

Yarinya ta sa riga, ta cilla hannu. Hannu ya tafi sama ya tsaya yana tunani. Da an jingina shi da bango, da an taka an gyara silin. Idonta ya kawo ruwa.

"Hajiya, what did you do?"

"Me ta ce?"

"Godiya take yi," na ce.

"Ƙarya kake. Ke ja'ira, dubi na sauran, duk sun langaɓe kamar lawashi. Naki ne kaɗai mai mutunci."

Malamar ta zo ta ƙwanƙwasa hannun da yatsa, ya amsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in silikin bai zuba ba yarinya ba za ta hau ba, don mutum ɗaya ya isa ya ɓata layi. Muka kwasa sai kicin ɗin zauren. Uwarta na cuɗawa a ruwan ɗumi, ni ina bi da na'urar busar da gashi da wata mata ta ara mana, Hajiya na bakin ƙofa tana jimamin sitacinta. Hannun dama ya bushe. Na hagu har aka kira su yana ɗiga.

Malamar ta ce ta cilla duka biyun. Na dama ya zuba, na hagu ya faɗo tim kamar jiƙaƙƙen tawul. Malamar ta cire ta daga layin gaba, ta mai da ita ƙarshen layin baya, inda hagunta ke ɓuya a jikin labule.

A nan ta yi rawarta. Daga kujerunmu hannu ɗaya muke hange yana tashi yana sauka bayan kan wata doguwar yarinya. A mota, kan hanyar komawa gida, ba ta kula kowa ba har muka wuce garin Stoke, sannan ta tambaya ko da sauran cincin a jakar Hajiya.