Hannun Inna a Damtsena

Matso kusa ka ji, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Zamanin Nasara na gab da ƙarewa aka kawo ni Filinge aure daga ƙauyenmu na Kurfai. Maigidana ma'aikaci ne, mai yi wa shanu allura. In ya hau raƙumi ya nufi Sanam, sai wata ya mutu ban ga ƙeyarsa ba. Mutumin kirki, wallahi. Kafin ya tafi zai cika mini ɗaki da shinkafa, man gyaɗa, sukari da madarar gwangwani, abubuwan da a garinmu ko da salla sai mai hali, don tsada.

To ni hannuna awon gidanmu ya sani, gida mai cike da baki. In na ce yau kaɗan zan tuƙa, sai in duba tukunya ta cika. A ƙauye kwano yakan ƙetare darni ya je maƙwabta, ya dawo da wata miyar. Nan kuwa matan ma'aikata ne, kowace da yarenta da ƙofarta a rufe. Na aika sau ɗaya, kwanon ya dawo a wanke, ba ko gishiri ciki. Zubar da abinci kuma zunubi ne. Sai in zauna in ci, in huta, in ƙara, don tauna tana rage shirun gida. Kafin damina ta zagayo awarwarona ya nutse cikin nama, in na ja guga ɗaya sai na dafa bakin rijiya ina haki.

Ran wata kasuwa Inna ta zo, a rame, da ƙullin busasshen zogale don in yi kopto, kwaɗon ganyen nan da na rabu da ci. Na riga na shirya maganata: ta roƙar mini maigida in je gida kaka, ko sussuka ce in taya. Amma ni ɗiyar fari ce. Ba ta kiran sunana, ba ta duban fuskata, kunya ta hana. Sai ta kai hannu ta matsa damtsena, kamar mai tayin tunkiya.

"Ke wannan, ashe an riƙe ki," in ji ta, tana kallon bango. "Da na zo da niyyar tahiya da ke. Mi za ki ci can, hura tsarara? Zamna ɗakinki."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai "To, Inna."

Ta koma da la'asar tana murna, ta shaida wa dangi na yi ƙiba. Ni kuma na jiƙa zogalen, na kwaɗa shi cikin babban akushi, awon gidanmu, na zauna gabansa.

Kai da kake ji, in uwarka ta zo a rame tana gode wa Allah da ƙibarka, da wane baki za ka ce mata ba daɗi ba ne?