Kwatancen Inna Tela

Inna Tela ta iso garin nan goye a bayan uwarta, zamanin da jirgin ƙasa yake tsayawa ya sauke mutane ya kwashi auduga. A nan ta yi wayo, ta koyi taka keken ɗinki, ta yi aure, ta binne miji. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙofar gida: baƙin keke mai feda, madubi tsagagge, da buhun ƙyallaye da kyanwa ta mayar gadonta.

Garin kuwa ya fi ƙarfin ƙauye amma bai kai birni ba, kuma duk wanda ya kira shi ƙauye faɗa yake nema. Akwai banki, akwai asibiti, akwai shataletale guda tak da ake taƙama da shi. Halinsa ɗaya ne, ba ya yar da suna. An rufe kamfanin auduga, wasu marasa kunya suka ciccire ƙarafan dogo suka sayar, sinima ta koma rumbun siminti, famfon unguwa ma aka tumɓuke shi tun Inna tana jegon autanta. Duk da haka, kowa cewa yake shagonta a Bakin Famfo yake.

Autan nan ne ya samu aiki a birni, ya samu yarinya. Babanta, tsohon ma'aikaci mai tsare gida, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce sai ya zo da matarsa sun ga gidan da yaron ya fito. Inna ta kwana tana murna, ta share shago, ta kori kyanwa, ta ɗaura zanen da take ajiya.

Ranar zuwansu motar da Auta ya hau ta lalace a hanya, sai ya ba su lambar uwarsa.

"Ai ba a ɓata a garin nan, Alhaji," in ji ta a waya. "Ku tsallake dogo, in kun ga sinima ku yi dama, ku miƙe har Bakin Famfo."

Bayin Allah suka shiga neman dogo. Mai faci ya ce ai sun tsallake shi tuni, su koma wajen babbar bishiya. Bishiyar da aka sare tun kafin a haife shi. Mai lemo ta ce su bi ta gidan Likita, Likitan da ya daɗe a kabari, gidansa ma ya zama gidan mai. Ɗan sanda kuma ya nuna musu rumbun siminti da baki, ya tambaya ko ba su ga sinima ba ne. Babu wanda ya yi musu ƙarya, kowa da zuciya ɗaya ya taimaka.

Baban yarinya ya sake kira, muryarsa a daƙile. Ya ce gida za su juya, ba zai haɗa zuri'a da garin da ya haɗa baki yana yi wa baƙi shaƙiyanci ba.

Inna ba ta taɓa hawa babur ba, tana cewa abin 'yan iska ne. Ranar ta hau, tef ɗin awo a wuya, ta riƙe ɗan acaɓa tamau tana zaginsa kan gudu, tana kuma cewa ya ƙara wuta. A shataletale ta same su suna ta zagaye kamar an ɗaure su. Ta tare motar da hannu, ta buɗe baya ta shige ba wanda ya ce bismilla.

Haƙuri ya kamata ta ba su, amma ina. Cewa ta yi Alhaji ya rage gudu. Mota ta yi tsalle kaɗan, ta ce to wannan tudun da ya ji, shi ne dogo. Ta nuna inda tasha take a da. Nan fa Alhaji ya taka birki, ya ce sam, tasha a hagu take, don yana yaro ya taɓa wucewa ta nan a jirgi, har ya leƙa ta taga. Inna ta ce ko dai barci yake yi. Ya ce hagu. Ta ce dama. Matarsa a gefe ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, tana cewa yau maigida ya gamu da gamonsa. Musu suke yi har ƙofar shago, kuma babu wanda ya ƙara zancen juyawa.

Da la'asar Auta ya faɗo shagon jiƙe da gumi, ya riga ya saddaƙar an fasa. Sai ya tarar da uwar yarinya tana ɗaga yadudduka a gaban madubi, uban kuma tsaye da hannuwa a shimfiɗe, Inna ta zagaye tumbinsa da tef tana cewa ya daina ɗauke numfashi, ba ya ruɗinta.

Alhaji ya harari Auta ta saman tabarau.

"Kai, yaro, zo ka gaya wa uwarka ta bar wa cikin nan wuri. A bikin naku sai na ci na ƙoshi."