Miyar Taushen da Umma ta Bar Min

Da aka sayar da gidanmu na Fagge, 'yan kasuwar Kwari za su mai da shi sito, Umma ta yi miyar taushe tukunya guda. Ita za ta koma Gaya wurin yayanta, ni kuma na kama ɗaki a Sabon Gari kusa da wurin aikina. Mota na zuwa ta miƙo min tukunyar da zafinta.

"Ki tafasa safe da yamma. In kin sauke, kar ki buɗe, kar ki sa cokali."

Ina da firij, amma wutar layinmu sai ta ga dama. Ni kuwa na ƙudurta miyar nan sai ta daɗe. Kaɗan-kaɗan nake ɗiba kamar magani.

Wata safiya na makara, miyar ta ɗan yi ɗumi zan kashe gas, sai maƙwabciyata ta leƙo. 'Yar Ibo ce haifaffiyar Kano, a lab, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, take aiki, Hausarta ta fi tawa gudu.

"Hajiya ƙarama, ɗumame ne wannan ko lallashi?"

"Anti, wallahi na makara."

"To horo kike ba su. Ƙwayoyin cutar nan in zafi ya taɓa su bai kashe su ba, taurin kai suke ƙarawa. Bar ta ta tafasa sosai."

Na tsaya har ta tafarfasa. Anti ba ta tafi ba.

"Kuma wasu rufe kansu suke cikin ɓawo su yi lamo, ko tafasar ba ta kashe su. Miya na hucewa su farka. Ki cinye abarki tun tana ciyuwa."

Ban so jin haka ba. Kullum miyar ƙafewa take, kabewar ta narke, alayyafon ya yi baƙi, gishiri ya fito. Ƙamshin daddawar ne bai tafi ba. Da na ɗaga murfi sai in gan ni a tsakar gidanmu, Umma kan kujera 'yar tsugunno tana fifita wuta, tana min faɗan na bar takalmi a hanya.

Ranar Asabar na tuƙa tuwon shinkafa na kira Anti, muka cinye tas. Ta ce gishiri ya yi yawa, amma har ƙari ta yi.

Na kira Umma na ce miya ta ƙare. Ta yi dariya, wai sai yanzu? Na ce yaushe za ta yi wata. Ta ce tunda ta je ba ta ɗora tukunya ba, murhun na matar yayanta ne.