Iliyasu Mai Auna Sama

A unguwar Poumpoumré ta Garwa, kowa ya san Iliyasu ɗan Baba Hamidu mahauci. Tun yana yaro yake ganin uban yana zubar da naman da ya kwana duk ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, firigo mai sanyaya nama ya zama akwati kawai. Da ya je jami'a a Marwa sai ya koyo wani abu da ya tsaya masa a rai: idan rana ta faɗi kuma sama ta washe, duk abin da ke fuskantarta yakan saki zafinsa ya tafi can, har ruwa a faranti ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi.

Ya dawo gida da 'yar na'urar auna zafi daga nesa. Kullum da asuba sai ya hau rufi ya nuna ta sama, maƙwabta suna dariya, har suka laƙaba masa Mai Auna Sama. Ya gina ɗakin ajiye nama mai kaurin bango, ya shimfiɗa farantan ƙarfe a kansa, ruwa yana kwana a ciki, da safe ya gangara ta bututu ya zagaye bangon.

A watan Janairu abin ya yi. Baba Hamidu ya shiga, ya dafa bango, ya ji sanyi.

"Ashe bokon nan bai tafi a banza ba," ya ce. Ya kira abokan sana'a biyu suka kawo namansu.

Sai Afrilu ta shigo. Iska mai laima ta taso daga kudu, tururin ruwa ya cika sararin kogin Binuwai. Na'urar ta fara nuna abin da Iliyasu ya sani amma ya ƙi yarda da shi: ita kanta sama ta ɗumama, zafin da ƙasa ta saki shi take mayarwa. Ya ƙara faranti, ya sake fenti. Ruwa yana wayar gari da ɗumi kamar na wankan jego.

Ranar da aka buɗe ɗakin wari ya fito, abokan uban suka kwashe ƙugiyoyinsu ba sallama.

"Baba, lissafina daidai ne," in ji Iliyasu. "Lokacin zafin ne sama ke rufewa."

"To, ɗana, a lokacin sanyi wa ya nemi sanyi?"

Bai faɗa da faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Iliyasu ciwo.

Baba Hamidu ya rasu a bazarar da ta biyo, cikin wani mako na tsananin zafi da tsofaffi da dama suka tafi. Iliyasu ya gaji teburinsa a kasuwa. Yana yanka kaɗan, abin da zai ƙare kafin azahar. Matarsa Sadiya ta ce ba ya yawan magana yanzu, ko da yara suka tambaye shi abin da ya karanta, sai ya ce su je su tambayi malaminsu.